Durowar shago ta koma cikin waya: yadda nake karɓar taransifa ba tare da an cuce ni ba

Shekara goma sha huɗu ke nan ina zaune a shagon kayan masarufi a Rijiyar Lemo, cikin Kano. Shinkafa, taliya, man girki, sukari, madara, sabulu, irin kayan da uwargida ke aiko yaro ya saya da sassafe. A kasuwar Singa nake sari. Har ƙarshen 2022, in ka ɗauki ko gwangwanin tumatir ka ce za ka tura mini kuɗin ta waya, cewa nake ka ajiye mini kayana. Kuɗi a wurina shi ne wanda na lasa yatsa na ƙirga na jefa durowa.

Sai ga 26 ga Oktoba 2022, Godwin Emefiele, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya ce za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi suka shige banki, sababbi suka ƙi fitowa. Na ga dattijo mai kuɗi a asusu ya rasa na hawa adaidaita. Ni kaina na biya mai POS dubu biyu don ya ba ni dubu goma ta gumina. Kwana huɗu ina korar masu cewa za su tura, a na biyar na kalli burodin da ya fara bushewa a kanta na kira ɗan ƙanwata na ce zo ka koya mini. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara sun kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Tsabar kuɗi ta dawo, amma hannun jama'a ya riga ya saba da danna waya. Yau fiye da rabin cinikina ba na taɓa shi da hannu.

Abin da zan faɗa a nan na ɗan'uwana mai shago ne, da 'yar'uwata mai sayar da atamfa ko turaren wuta daga cikin gida. Yawancinsa da asara na koye shi.

Fara da asusun da za a riƙa turo maka

Kada ka ba masu sayayya lambar asusun da kake cefane da shi. Na yi wannan kuskuren wata shida, na wayi gari ban san ina uwar kuɗi take ba, ina riba, ina kuɗin makarantar yara. Buɗe wa shago nasa daban, ka ɗauke shi kamar durowa: abin da ya shiga na shago ne, in za ka ɗiba ka tura wa kanka, ya zama akwai shaida.

Kuma asusu biyu za ka yi wa shagon, a gidaje biyu. Ɗaya a babban bankin kasuwanci, ɗaya a irin su Moniepoint ko OPay ko PalmPay. Dalili shi ne sabis. Akwai ranar da ɗaya zai kwanta tun hantsi har la'asar, mai saye yana tsaye da kaya a hannu, in ba ka da na biyu sai ka bi shi da kallo. Ni na ƙaramin kamfanin nake karɓar ciniki da shi don saurinsa, da daddare in kwashe mafi yawa in mayar babban banki.

Akwai lissafi a cikin wannan kwashewar. Hukumar NDIC, mai inshorar kuɗin masu ajiya, ta ƙara adadin da take biya a 2024: har naira miliyan 5 ga mai ajiya a babban banki in bankin ya durƙushe, miliyan 2 ga mai ajiya a ƙaramin banki irin na maikurofainans. Wanda yake ganin banki ba ya mutuwa ya tuna an ƙwace lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024. Saboda haka duba irin lasisin gidan da kake ajiya, yana rubuce a ƙasan manhajarsu ko a takardunsu, kada abin da ka bari ya kwana a can ya haura abin da inshora ke ɗauka.

Wajen buɗewa za a nemi BVN da NIN, kowanne lamba goma sha ɗaya. In ka manta BVN ɗinka danna *565*0# a layin da ka yi rajista da shi, NIN kuma *346#, za a ɗan ciri kuɗi daga katinka. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a duka biyun. Mu da yawa a nan Muhammad ne a wannan takarda, Mohammed a waccan, Mamman a ta uku, wannan kaɗai ya isa ya sa a tsare maka kuɗi ranar da kake tsananin bukata. Sannan ka ɗaga asusun zuwa mataki na uku tun yanzu. Asusun matakin farko ba ya riƙe sama da naira 300,000, ranar da ciniki ya buɗe maka gab da sallah za ka ga kuɗin mutane suna komawa ko suna maƙalewa. Ɗagawar ba ta wuce katin shaida da takardar da ke nuna adireshinka, kamar ta kuɗin wuta.

In da hali yi wa shagon rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, asusun ya fito da sunan shago. Tun 2024 ma an wajabta wa masu sana'ar POS wannan rajistar. Rubuta lambar asusun nan mai guda goma da sunan banki da sunan asusun da manyan baƙaƙe ka liƙa inda kowa zai gani, kuma ka saba da cewa mai turawa, “Wane suna ya fito maka?” Ya karanta maka da bakinsa kafin ya sa lambar sirrinsa. Lamba ɗaya in ta kuskure, kuɗin na iya faɗawa hannun wani bawan Allah a Aba.

Layin wayarka shi ne makullin

Da, ɓarawo sai ya fasa kwado. Yanzu layinka yake nema, ba ma wayar ba. In ya zare shi ya sa a wata waya, yana iya gano BVN ɗinka da bankinka, saƙon lambar tabbatarwa kuma wurinsa zai riƙa zuwa. Don haka sa wa layin kansa lambar sirri, daban da ta buɗe fuskar waya. Yana cikin saitin tsaro na kowace waya, har 'yar rakani-kashi. Amma nemo kwalin layin tukuna, domin in ka kuskure sau uku zai kulle, sai da lambar PUK da ke jikin kwalin zai buɗe.

Layin ya zama da NIN ɗinka aka yi masa rajista. Na san mata da yawa da ke kasuwanci da layin da miji ko ƙane ya yi wa rajista. Ranar da ya ɓata, ba ke za a ba sabo ba, sai an nemo mai sunan. Kada kuma ka jingine layin banki a durowa wata da watanni. Kamfanin waya na da damar sake sayar da layin da aka daina amfani da shi, sai saƙonnin bankinka su koma shiga wayar baƙo.

Haddace lambar rufe asusu kamar yadda ka haddace lambar wayar mahaifiyarka. Bankuna da dama sun sa ta ƙare da 911: First Bank *894*911#, Access *901*911#, Zenith *966*911#. Ana iya dannawa daga wayar kowa. Tambayi naka bankin tasa, ka rubuta a bangon littafin bashi. In an fizge maka waya a cunkoson Kofar Ruwa, kafin ka fara salati da neman ɗan sanda, ari wayar na kusa da kai ka rufe asusu, sannan ka kira kamfanin layin a 300 su toshe shi.

Lambar sirri kuwa, ban da shekarar haihuwa, ban da 1234, ban da ƙarshen lambar wayarka. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, za a rufe maka BVN in ba ka karanto lambar da aka turo maka ba, kashe wayar. Ko ya faɗi cikakken sunanka da na unguwarku. Banki ba ya tambayar wannan.

Alat ba kuɗi ba ne

A nan zan daɗe, don a nan aka ci ni.

Wata ranar Alhamis dab da magariba, mota ta tsaya ƙofar shago. Mutum ya fito cikin shadda mai maiƙo, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya ce, “Alhaji, a sa mini buhun shinkafa biyu da jarkar mai, sadaka za a kai gidan marayu.” Kayan naira 96,000. Ya danna waya, ya juyo mini fuskarta, ga rasit kore shar da sunana. Kafin in yi magana ƙaramar wayata ta yi ƙara, ga saƙo da sunan bankina, ga adadin daidai. Ladan ya fara kira, mutane uku na jiran canji. Na ce yara su loda masa. Har addu'a na bi shi da ita.

Bayan isha'i na buɗe manhaja don lissafin dare. Ko sisi. Na sake karanta saƙon a natse, sai na ga ragowar kuɗin da aka rubuta a ƙasa ba ta yi kama da abin da ke asusuna ba ko kusa. Ashe akwai hanyar tura saƙo ya fito da sunan da mutum ya ga dama, akwai kuma manhajojin da aikinsu kawai ƙera rasit. Shi ya zaɓi magariba da gangan.

Tun daga ranar dokar shagona ɗaya ce, kuma na rubuta ta a kwali: kaya ba sa fita sai na buɗe asusuna da hannuna na ga kuɗin sun hau. Rasit na wayarka naka ne. Saƙon tes ba shaida ba ne. Abin da nake dubawa shi ne jerin shige da fice a cikin manhajata ko a na'urar POS, in ga sunan mai turawa da adadi da lokaci, in ga jimilla ta ƙaru. In data ta ƙare, in danna lambar bankin in duba ragowa, ko da za a ci mini naira 6.98. Gani ya kori ji.

Sai dai ka sani, ba duk wanda kuɗinsa bai shigo ba ne macuci. Mafi yawa ma masu gaskiya ne, hanya ce ta riƙe. Kuɗin da aka tura daga wani banki zuwa wani ba kai tsaye yake tafiya ba. Yana bi ta wani kamfani da ake kira NIBSS, mallakar Babban Banki da bankunan ƙasar, wanda tun 2011 yake gudanar da tsarin tura kuɗi nan take. Bankin mai saye ya cire, ya miƙa wa NIBSS, shi kuma ya miƙa wa bankinka. Zango uku ke nan, kowanne na iya yin cushe, musamman ƙarshen wata da jajibirin sallah. In ka gane wannan ba za ka riƙa zargin mutane a banza ba, ba kuma za ka saki kaya a banza ba.

Ga yadda nake yi in an cire wa mutum amma ban gani ba. In na gida ne, wanda na san ƙofar gidansa, sai in ce, “Hajiya, ɗauki kayanki, zan rubuta a littafi, in ya shigo in soke.” Ya zama bashi irin wanda muka saba. In baƙo ne sai in ce, “Malam, ka yi haƙuri, ba ƙaryata ka na yi ba, amma bai iso ba. Zauna ga benci mu ba shi minti goma.” In bai zo ba, kayan su zauna a gefe da sunansa, in karɓi lambar wayarsa, in kwafi wata doguwar lamba mai guda talatin da ke jikin rasit ɗinsa, wadda ake kira Session ID. Ita ce sawun wannan turawar. Da ita banki ke gano inda kuɗin ya tsaya, ba da hoton rasit ba. Mai gaskiya ba ya ƙin ba ka ita. Wanda ya fara ɗaga murya yana cewa ka san ko shi wane ne, yana duban agogo, to riƙe kayanka da kyau.

Kuma mai turawa ne zai kai kuka bankinsa, tunda daga can aka cire. Ya nemi a ba shi lambar ƙorafi. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, yana da damar rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, ya haɗa da wannan lambar. Mutanenmu ba su cika yi ba, sai su ce sun bar wa Allah. Barin wa Allah na da kyau, amma rubuta takardar ma ba saɓo ba ne.

Kada ka yarda mutum ya sake turawa karo na biyu alhali na farko na rataye, sai dai in kun yi magana a fili cewa in duka biyun sun shigo za ka mayar. In sun shigo ɗin, mayar a ranar, ta asusun da suka fito. Haƙƙin wani a cikin waya ya fi saurin mantuwa fiye da na cikin durowa.

Kuɗin da ya shigo da gaske ma yana iya zama masifa

Wannan ya fi alat na bogi haɗari, don shi kuɗin za ka gan su ƙuru-ƙuru. Wani zai kira ka yana marairaicewa, ya yi kuskuren turo maka dubu hamsin, don Allah ka mayar masa ta wannan lambar, sai ya ba ka wani asusu daban da wanda kuɗin suka fito. Kada ka tura. Ce masa ya je bankinsa su nemi a dawo da su ta hanyar da suka zo, kai ma ka sanar da naka. Sau da yawa kuɗin sata ne ake son a wanke ta hannunka. Mai kuɗin na asali in ya kai ƙara, asusunka za a bi a ƙulle, shi ɓarawon ya yi gaba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Haka wanda zai ce, “Yaya, ara mini akawun ɗinka za a turo mini saƙo, ka ba ni a hannu ka cire ladanka.” Ko ɗan unguwa ne, ce masa ga mai POS can, sana'arsa ce. In kuma mai sayen kaya masu yawa ya ce wani ne zai biya masa daga wani gari, sunan mai turawa ya bambanta da nasa, rubuta masa rasit na shago da sunansa da lambar wayarsa da abin da ya ɗauka, ka ajiye kwafi. Ranar da aka tambaye ka dalilin shigowar kuɗin, kana da abin nunawa.

Na'urar POS ba ta da dogon bayani. In ta buga cewa an ƙi, to an ƙi, ko da an cire wa mai kati. Ba shi takardar ya kai bankinsa, ƙa'idar Babban Banki ita ce a warware irin wannan cikin awa 72. Miƙa masa na'urar ya sa lambarsa da kansa, kai ka kau da kai. Tsofaffi za su ce, “Ɗana, danna mini, kaza da kaza ne.” Na daina yarda. Ranar da kuɗinsu ya ɓata ta wata hanyar, kai za a fara tunawa. Kuma na'urar ta zauna a shago, don a 2025 Babban Banki ya ba da umarnin a ɗaure kowace da wurin da aka yi mata rajista, yawo da ita gari-gari na iya sa ta daina aiki.

Caji da lissafin dare

Cajin ƙanana ne, shi ya sa suke cin mutum bai sani ba. A ƙa'idar Babban Banki ta 2020, tura kuɗi zuwa wani banki naira 10 ne in bai wuce 5,000 ba, 25 har zuwa 50,000, 50 in ya haura, ban da harajin VAT. Akwai kuma naira 50 ta gwamnati a kan duk turawar da ta kai 10,000. Cinikin kati a POS, a ƙa'idar ta 2020, abin da ake cire wa mai shago rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, ba ya wuce 1,000. Mai sayar da buhun sukari da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba dole ya san wannan. Ni ba na ce wa mai saye ya ƙara hamsin na caji, yana ɓata ciniki, kuma mutum na jin kamar an hukunta shi. Na zauna na lissafa abin da caji ke ci mini a wata, na baza shi cikin farashi.

Yaran shago kuma, kada ka ba su wayarka da lambar sirrinka don kana zuwa masallaci. Yawancin manhajojin 'yan kasuwa suna ba da damar ka buɗe wa yaro tasa ƙofar, ya ga kuɗi sun shigo amma ba ya iya fitarwa. In taka ba ta yi, na'urar POS na nuna shigowar taransifa, ta ishe shi. Abin da na hana ɗungurum shi ne yaro ya ba mai saye lambar asusunsa na kansa wai don na shago ba sabis. Daga nan ɓarna ke farawa, ko da yaron na kirki ne.

Kowane dare, kafin in ja ƙofa, ina haɗa abu uku: tsabar da ke durowa, abin da ya shiga asusun biyu, da abin da aka rubuta a littafi. Minti goma sha biyar. Littafin takarda bai mutu ba, shi ke gaya mini cewa dubu bakwai ɗin da ta shigo da sunan wani da ban sani ba ta matar maƙwabcina ce da ta biya da wayar ɗanta. Wani amfanin da ban zata ba, lokacin fitar da zakka sai in nemi bayanin asusu na shekara, lissafin da ke ɗaukar mini kwana biyu ya koma na yamma ɗaya.

Tunda na ambaci zakka, leƙa cikin manhajarka da kyau. Wasu suna da wurin ajiya da ke ƙara maka 'yan kuɗi kullum a kan abin da ka bari, wani lokaci ma da dannawa ɗaya ka shiga ba ka lura ba. Na kai wa malaminmu tambaya, na dawo na kashe nawa. Wanda ke son kauce wa kuɗin ruwa gaba ɗaya, akwai Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da ya biyo a 2019, da Lotus, kuma duk suna da manhaja.

Abin da ke tafe

Ba na duba, amma mai zama a kasuwa yana ganin inda ƙura ke tasowa. Abokan sarinmu da ke zuwa Guwanzu a ƙasar Sin suna ba da labarin cewa a can ko mai soya abinci a bakin titi ɗan zanen murabba'i ne manne a tebur, ka haska da waya ta Alipay ko WeChat, shi ke nan. Indiya na da irinsa tun 2016, Burazil tun 2020. Mu ma NIBSS ya fito da namu, NQR, a 2021. Bai kama sosai a unguwarmu ba, amma na karɓa na liƙa, domin yana kashe matsalar kuskuren lamba, kuma samari 'yan jami'a da shi suke biya. Akwai kuma katin da ake ɗora shi kawai a kan na'ura ba a sa lambar sirri. Babban Banki ya iyakance shi a naira 15,000 a biya ɗaya, 50,000 a yini. In an zo sauya maka na'ura, nemi mai karɓar irin wannan, da katin AfriGo na gida da aka ƙaddamar a Janairun 2023. Ita kuwa eNaira da aka yi ta yayatawa tun Oktoban 2021, har yau ban ga wanda ya shigo shagona ya ce da ita zai biya ba, don haka ban wahalar da kaina ba.

Abin da na fi sa wa ido shi ne bashi. Duk cinikin da ya bi ta asusunka yana rubuce, kamfanin ya san abin da kake sayarwa a Litinin da abin da kake sayarwa a azumi, ya fi ɗan'uwanka sanin ƙarfinka. Shi ya sa za ka ga saƙo wai ka cancanci rancen kaza, ba jingina ba mai tsaya maka. Nan gaba wannan tarihin ne zai zama takardar filin ƙaramin ɗan kasuwa, har wajen dilan da zai ba ka kaya bashi. Don haka ka bar cinikinka ya riƙa bi ta asusun shago a tsabtace. Amma rancen kansa, karanta nawa za ka mayar da kuma yaushe kafin ka danna, kuma ka guji manhajojin bashi da ke neman izinin shiga lambobin wayarka. Ranar da ka makara, surukanka za su fara samun saƙo.

Tsallaka iyaka ne har yanzu da saura. Wani mai sayen kaya a wurina daga Maraɗi yake zuwa. A can gida da Nita ko Amana yake aika kuɗi gari zuwa gari cikin minti kaɗan, amma in zai biya ni sai ya bi ta hannun 'yan canji a Wapa, su karɓi sefa su turo mini naira. An ƙaddamar da wani tsari mai suna PAPSS a Akara a Janairun 2022, don ɗan kasuwa ya biya da kuɗin ƙasarsa, na can ya karɓa da nasa, ba sai an bi ta dala ba. Da ƙasashe shida aka fara, ciki har da Najeriya da Gana. Mai sarin goro ko atamfa daga Kumasi ya tambayi bankinsa ko sun shiga.

Duk da haka kada ka kori tsabar kuɗi. Tsohuwar da ke kwance naira ɗari biyar daga haɓar zaninta ba ta da BVN, almajirin da aka aiko ba shi da waya, masu dakon Singa a hannu suke karɓa. Ina barin abin da zai ishe ni canji da sallamar masu dako na kwana biyu, sauran ya tafi banki.

Saura abu ɗaya, wanda ban ji ana faɗa ba. Maƙwabcina mai shagon robobi ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Da a zamanin durowa ne, magada za su buɗe su ƙirga a gaban shaidu. Shi kuwa cinikinsa na cikin waya, a gidaje uku ko huɗu, iyalinsa ɗaya kawai suka sani. Sauran sai da aka bi saƙonnin tes ɗaya bayan ɗaya, aka yi ta zirga-zirgar kotu da banki kafin a raba gado. Bayan sadakar bakwai na sami takarda na rubuta sunan kowane gidan da nake da asusu, da lambar asusun, da layin da ke haɗe da shi, da waɗanda nake bi da masu bi na. Ban rubuta lambar sirri ba, magada ba sa bukatarta, takardar kotu za su kai. Na sa a ambulan, na nuna wa uwargida da ƙanena inda take, cikin akwatin da takardun gida suke. Duk watan Muharram nake fito da ita in gyara.